Fure, Ɓera da Kumburi: Tambayoyin da Masu Furojet Suka Fi Yi

Duk shekara in lokacin furojet ya zo tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ko daga 'yan bayokemistiri ko 'yan famasi ko masu karatun likitan dabbobi: an ba yaro taken bincike a kan ekstirak ɗin wani fure, wato abin da aka tatso daga jikinsa, an ce ya gwada shi a kan ɓeraye ya ga ko yana rage kumburi ko yana da ƙarfin antioksidan, shi kuma bai san ta ina zai kama ba. To ga su nan an tattara da amsoshinsu. Wanda ba ɗalibi ba ma, irin masu samun saƙon WhatsApp cewa "bincike ya tabbatar", zai iya tsallakawa zuwa tambayoyin ƙarshe-ƙarshe.

Wai shi kumburin nan da ake ta magana, kumburin da muka sani ne ko wani abu daban?

Shi ne, amma ya fi abin da ido ke gani faɗi. Idan ƙaya ta soke ka ko ƙwayar cuta ta shiga, jiki yana buɗe jijiyoyin jinin wurin, ruwa ya tsatso, fararen ƙwayoyin jini su yi dandazo, sai ka ga wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tashi, yana zogi. Waɗannan alamomi huɗu tun ƙarni na farko wani Barume mai suna Celsus ya lissafa su, daga baya aka ƙara ta biyar wato gaɓar ta kasa aikinta. Masu kunna wutar su ne sinadarai irin su histamin, biradikinin, furostagilandin, da su TNF-alfa da IL-6.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kumburi ba abokin gaba ba ne a asali, da shi rauni ke warkewa. Matsalar tana zuwa ne in ya ƙi kwanciya ya zama na dindindin, kamar a amosanin gaɓɓai. Kuma mai tashi yau ya kwanta gobe daban, mai daɗewa daban, gwajinsu ma ba ɗaya ba ne, za ka ga haka a amsar da ke maganar karajinan, sinadarin da ake tayar wa ɓera kumburi da shi.

Antioksidan fa, mene ne aikinsa a jiki?

Jiki na amfani da iskar oksijin wajen ƙona abinci ya samu ƙarfi, a cikin wannan aikin wasu 'yan ɓurɓushi masu kaifi suna kuɓucewa, su ake kira firi radikal, suna bin kitsen da ke bangon ƙwayoyin halitta da furotin da DNA suna lalatawa. Irin abin da ke faruwa ne da man gyaɗa in ya daɗe a buɗe ya canza wari, iska ce ta ci shi. Antioksidan shi ne duk abin da zai tare wannan ɓarnar. Jiki na da nasa: enzaim ɗin SOD, wanda McCord da Fridovich suka bayyana aikinsa a 1969, da katales, da gulutatayon. Na abinci kuma su ne su bitamin C da E da sinadaran tsirrai.

Dalilin da ya sa ake haɗa shi da kumburi a take ɗaya shi ne fararen ƙwayoyin jini da kansu suna fesa waɗannan radikal ɗin don kashe ƙwayar cuta, radikal ɗin kuma su ƙara kunna kumburin, abu ya yi ta juyawa. Amma fa haɗuwarsu a take ba ta nufin duk abin da ya yi ɗaya zai yi ɗayan.

Me ya sa fure? Ai mu ganye da saiwa da sassaƙe muka sani a maganin gargajiya.

Launi ne. Abin da ke ba fure ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa yawanci antosayanin ne da sauran filabonoyid da karotinoyid, kuma su ne dai sinadaran da ke nuna ƙarfi a gwajin antioksidan. Akwai furannin da aka sha yi wa aiki a duniya: kalendula, wadda masu bincike a Italiya suka nuna sinadarin faradiyol da ke cikinta ne ke rage kumburin kunnen ɓera, kamomil mai bisabolol da afijenin, za'afaran na Iran mai kurosin da safaranal, sai Lonicera japonica da Sinawa suka daɗe suna sha. Kanumfarin da ke kicin ɗinku ma tohon fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe aka shanya, yawancin mansa yujinol ne, shi ya sa yake kashe zogin haƙori.

A wajenmu akwai furen zogale, furen darbejiya, na gurjiya da ake miya da shi. Sai dai ɗan'uwa kar kyawun fure ya ruɗe ka, zaƙami fure gare shi fari tas kuma kowa ya san abin da yake yi wa mutum, tumfafiya ma tana da sinadarai masu taɓa zuciya. Duba amsar LD50, wato dos ɗin da ke kashe rabin dabbobin da aka ba, kafin ka ɗura wa dabba komai.

Sufabaiza ya ba ni zoɓo. Shi fure ne ko ba fure ba ne? An ce za a kama ni da wannan a difans.

Za a iya kuwa. Furen yakuwa na ainihi fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa da jan ido a tsakiya, kwana ɗaya yake yi ya yanƙwane ya faɗi. Abin da muke jiƙawa mu sha shi ne ɗan kofin da ke riƙe da furen ta ƙasa, wanda bayan furen ya faɗi yake yin kauri ya yi ja ya lulluɓe ƙwanson gurguzu, a kimiyya kaliks ake ce masa. Ɓangaren fure ne, amma ka rubuta kaliks ɗin Hibiscus sabdariffa a takenka ka huta. Kuma ka faɗi wane iri, domin akwai mai duhun ja, akwai ja mai haske, akwai fari wanda kusan babu antosayanin a cikinsa, rizalt ɗinsu ba zai zo ɗaya ba.

Manyan sinadaran launinsa biyu ne, delfinidin-3-sambubiyosaid da sayanidin-3-sambubiyosaid, ga kuma asid masu yawa da ke ba shi tsami. Game da kumburi kuwa labarin zoɓo ba a miƙe yake ba kamar yadda ake zato: wani aiki da Dafallah da al-Mustafa suka buga a 1996 ya gwada shi tare da bagaruwa a kan ɓeraye, bagaruwa ta rage kumburin ƙafa, zoɓo bai rage ba, sai dai ya sauƙar da zazzaɓi. Wasu ayyukan na baya sun samu ya rage. Ka karanta ɓangarorin biyu.

Wane irin ɓera zan yi amfani da shi, a ina zan samu, kuma guda nawa?

Ba ɓeran ɗaki ba dai. Ana amfani da manyan farare na Wistar, waɗanda asalinsu daga cibiyar Wistar ce a Filadelfiya ta Amurka tun farkon ƙarni na 20, masu nauyin giram 150 zuwa 200, ko ƙananan farare na Swiss masu giram 20 zuwa 30. Yawancin jami'o'i suna da gidan dabbobinsu, wasu kuma suna zuwa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta NVRI da ke Vom ko cibiyar binciken cutar sammore ta NITR a Kaduna. In ka ɗauko su daga nesa ka bar su su huta sati ɗaya zuwa biyu su saba da wurin, dabbar da ta sha hanya a but ɗin mota cikin zafin Afrilu a firgice take, kuma firgici kansa yana sa jiki ya saki kotikosteron wanda ke danne kumburi, ka ga tun ba a fara ba an ɓata lissafi.

Abin da aka saba shi ne rukuni biyar, kowanne ɓera biyar ko shida: na kontrol mai shan ruwan da aka narka ekstirak a ciki kawai, na maganin asibiti, sai uku na dos daban-daban. Rabon kuwa da ƙuri'a ake yi. In da hannu ka riƙa kamowa, masu sanyin jiki za ka fara kamawa su taru a keji ɗaya, masu tsalle su taru a na ƙarshe.

Yaya ake haɗa ekstirak ɗin, kuma me ya sa nawa ya koma ruwan ƙasa?

Da farko ka kai tsiron da furensa da ganyensa habariyom, wato ma'ajiyar busassun tsirrai, kamar na sashen ilimin tsirrai a ABU Zariya ko BUK, a tantance sunansa a ba ka lambar bauca, in babu wannan lambar mujalla mai mutunci ba za ta kalli aikinka ba. Sai shanya a inuwa ba a rana ba, a daka, a auna, a jiƙa a ruwa ko etanol ko metanol kashi 70 cikin 100 na awa 48 zuwa 72 ana girgizawa, a tace, a ƙafe ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba. Ka auna abin da ya rage ka fitar da kashi nawa ka samu, za ka buƙaci wannan adadin a amsar da ke maganar mayar da dos zuwa na mutum.

Komawa ruwan ƙasa kuwa zafi ne ko haske ko rashin tsami. Antosayanin ba ya son ko ɗaya. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a zoɓo don ta kashe tsami ta ga yadda jan ke juyewa ya yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi a take, to wannan sinadarin ne ke canza siffa. Shi ya sa na'urar Soxhlet, da ke tafasa abu awa da awanni, ba ta dace da fure mai launi ba, kuma masu ɗora ekstirak a kan wotabat su tafi masallaci su dawo su tarar ya ƙone ya manne a kwano, abin da suka ba ɓera ba shi ne abin da ke cikin furen ba. A zuba a kwalba mai duhu a sa a firij, in wuta na wasa a sa ido.

Ka yi min bayanin gwajin karajinan dalla-dalla.

Shi ne uban tafiya, Winter da Risley da Nuss suka fito da shi a 1962 kuma da irinsa aka tantance indometasin, maganin kumburi na asibiti. Karajinan daga wata jar ciyawar teku ake samunsa. Ana hana ɓeraye abinci da dare amma a bar musu ruwa, da safe a auna ƙafar baya ta kowanne, a ba su ekstirak ko magani, a jira awa ɗaya in ta baki ne ko minti 30 in allura ce, sannan a tsira 0.1 ml na karajinan kashi 1 cikin 100 a ƙarƙashin fatar tafin ƙafar. Daga nan sai awo kowace awa har awa biyar ko shida. Za ka ga ƙafar ta yi suntum ta yi ja, ɓeran yana ɗage ta. Lissafin kuwa: ƙarin kumburin kontrol, a cire na wanda aka ba magani, a raba da na kontrol, a ninka da 100.

Daɗin gwajin shi ne yana da zango biyu. Awa ta farko zuwa ta biyu histamin da serotonin da biradikinin ne ke aiki, daga wajen awa ta uku furostagilandin ke karɓa, a nan ne kumburin ke kai ƙololuwa kuma a nan ne su indometasin da daikulofenak, da aka saba bayarwa a 10 mg/kg, suke nuna kansu, tunda John Vane ya nuna tun 1971 cewa hana haɗa furostagilandin ne aikin dangin asfirin. Saboda haka lokacin da ekstirak ɗinka ya yi tasiri yana ba da ɗan haske kan inda ya taɓa. Haske fa na ce, ba hujja ba, duba tambayar ƙarshe.

Wannan duk kumburin gaggawa ne. In takenka ya ce mai daɗewa to sai gwajin dasa 'yar auduga a ƙarƙashin fata na kwana bakwai, ko na adjuban ɗin Freund da ke jawo amosanin gaɓɓai na makonni.

Lab ɗinmu babu karajinan, babu na'urar awon ƙafa. Na haƙura?

A'a. Ɗanyen farin ƙwai 0.1 ml yana tayar da kumburi kuma an buga ayyuka da yawa da shi a Najeriya, sai dai shi da wuri yake tashi da wuri yake sauka, kar ka ɗauko bayanin zango biyu na karajinan ka liƙa masa. Akwai fomalin, akwai zailin da ake shafawa a kunnen ƙananan ɓeraye. Awo kuma baniya kalifa ta dijital ta wadatar, ta fi zaren da wasu ke naɗawa su ɗora a rula nesa ba kusa ba. Sharaɗin shi ne mutum ɗaya ya yi awon tun daga farko har ƙarshe, a wuri ɗaya na ƙafar, kuma kada ya san wane keji ne aka ba me. Ka sa abokinka ya rubuta A, B, C ya ɓoye takardar. Ƙafar da ta kumbura taushi gare ta, ɗan ƙara matsa kalifa kaɗan ya isa ya haifar da "sakamako", kuma hannun mai son ekstirak ɗinsa ya yi aiki yana matsawa ba tare da ya sani ba.

Dos nawa zan bayar, kuma dole sai na yi LD50?

In babu wanda ya taɓa yi a kan irin ekstirak ɗinka, dole ne. A nan an fi bin hanyar Lorke ta 1983: zagaye na farko dabba tara, uku-uku, a ba su 10 da 100 da 1000 mg/kg a sa ido awa 24, in babu mutuwa a zagaye na biyu a ba ɗaya-ɗaya 1600 da 2900 da 5000. Akwai kuma ƙa'idojin ƙungiyar OECD masu lamba 423 da 425 da ke cin dabbobi kaɗan kuma ake sa ido har kwana 14. Daga nan ake zaɓar dos uku da ke ƙasa sosai, irin 100, 200, 400 mg/kg.

Lissafin da ke kayar da mutane: ɓera mai giram 150 a dos 200 mg/kg zai sha 30 mg, in ka narka 100 mg a kowane ml to 0.3 ml ke nan. Kowane ɓera da nasa awon, ba a yi musu kuɗin goro. Sannan LD50 da ya wuce 5000 ba ya nufin abu ba shi da illa, yana nufin sha ɗaya bai kashe ba. Zoɓo kansa haka yake, amma akwai ayyukan da aka yi a Najeriya da suka ba ɓeraye dos mai yawa na makonni suka ga canji a sinadaran hanta da kuma 'ya'yan maraina.

Ta baki ko allura a ciki, wanne ya fi?

Ta baki, in dai abin da mutane ke sha ne kake son ka ce wani abu a kansa. Allurar cikin ciki tana tsallake hanji gaba ɗaya, alhali antosayanin kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini a siffarsa in an sha, sauran ƙwayoyin hanji ne ke farfasa shi. Ga kuma wani tarko: ekstirak mai tsami ko mai yawan tanin in aka tsira shi a ciki yana ƙona wurin, kuma sananne ne cewa in aka tayar da haushi a wani sashe na jiki kumburin wani sashen yana raguwa. Sai ka ga ƙafa ta sauka ka yi murna, ashe cikin dabbar ka ƙona.

DPPH ɗina ya yi kyau sosai, ya kusa kamo bitamin C. Zan iya cewa furen antioksidan ne a jiki?

Ba za ka iya ba, kuma a nan ne gizo ke saƙar. DPPH, da Blois ya kawo a 1958, wani sinadari ne mai launin shunayya da ke komawa ruwan ɗorawa in ya samu abin da ya ba shi haidurojin, ana karanta shi a 517 nm. A cikin kwalba ake yi, cikin metanol, kuma shi DPPH ɗin babu shi a jikin kowace dabba. Kusan duk tsiron da ka jiƙa zai ci wannan jarrabawar, har ganyen shayi da ɓawon albasa. Haka gwaje-gwajen FRAP da ABTS. Ma'aikatar noma ta Amurka ma ta taɓa ajiye dogon jadawalin ƙarfin antioksidan na abinci da ake kira ORAC, a 2012 ta sauke shi daga shafinta, saboda 'yan kasuwa na talla da shi alhali babu shaidar cewa lambobin suna nuna abin da ke faruwa a jikin mutum.

Ga masu zoɓo da duk wani jan fure akwai ƙarin matsala: antosayanin yana shan haske a wajen 520 nm, dab da inda kake karanta DPPH. In ba ka yi bilank na ekstirak shi kaɗai ba tare da DPPH ba ka cire, launin furenka zai shiga karatun, wani lokaci har ka ga lamba ta fito da alamar ragi ka rasa gane kanta. Gwajin Folin na jimlar fenol shi ma bitamin C da wasu nau'in sukari suna ɗaga shi.

To yaya ake gwada shi a jikin dabbar?

Ana ba da ekstirak na kwanaki, sau da yawa bakwai zuwa 14, sai a jawo ɓarna da gangan. An fi amfani da kabon tetrakulorayid da aka gauraya da man zaitun, wanda hanta ke mayarwa radikal mai cin kitsenta, ko farasitamol mai yawa da ke ƙarar da gulutatayon, shi kuma ya fi kama ƙananan ɓeraye fiye da manya. Maganin kwatance yawanci silimarin ne, mai kare hanta. Bayan nan a ɗebi jini a duba ALT da AST, enzaim ɗin da ke hawa a jini in hanta ta ji ciwo, a cire hanta a niƙa ta cikin sanyi a auna SOD da katales da gulutatayon da MDA, wanda shi ne tokar kitsen da ya ƙone, ana karanta shi a 532 nm. Abin da ake fata shi ne MDA ya sauka sauran su hau, kuma hoton yankan hantar a madubin likita ya goyi bayan lambobin.

Dole ka samu kontrol biyu, lafiyayyu da ba a taɓa ba da kuma waɗanda aka ba guba ba magani. Samfur kuma ba ya jira, hantar da ta kwana a firizar da wuta ta ɗauke MDA ɗinta zai hau da kansa. Batun kulorofom wajen kashe dabbar yana amsar da ke maganar zalunci.

Rizalt ɗina bai nuna komai ba, wani ya ce in ɗan gyara lambobin.

Kar ka soma. Fara duba rukunin maganin asibiti: in indometasin ma bai rage kumburin ba to gwajin ne ya lalace, wataƙila karajinan ɗin ya tsufa ko allurar ba ta shiga daidai ba, sai a sake. In shi ya yi aiki ekstirak bai yi ba, ka samu sakamako ke nan, rubuta shi, ga misalin aikin 1996 can a amsar zoɓo da aka buga har yau ana ambatonsa. A ganina babbar cutar wannan fannin ita ce kusan kowace takarda "ya yi aiki" take cewa, waɗanda ba su yi ba suna cikin kabad, shi ya sa in ka karanta sai ka ɗauka kowane fure a daji ya fi daikulofenak. Kuma malaman da ke zama a difans sun ga lambobin ɓeraye na gaske shekara da shekaru, sun san ba sa jeruwa tsaf kamar an ja layi.

Wannan ba zaluntar dabbobi ba ne?

Tambaya ce mai kyau kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Ɓeran yana jin zafi, shi ya sa ma gwajin ke aiki. Tun 1959 Russell da Burch suka kafa ƙa'idoji uku da duniya ke bi: in akwai hanyar da ba sai da dabba ba a bi ta, in dole ne a rage yawansu, sannan a sauƙaƙa musu wahala. Kafin ka taɓa dabba sai kwamitin ɗa'a na makarantarku ya ba ka lambar amincewa, kuma mujallu da yawa yanzu suna neman a bi ƙa'idar ARRIVE ta rubuta rahoton gwajin dabbobi, da aka sabunta a 2020. Mu kuma mun taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, to ɗalibin da ya tafi hutun ƙarshen mako ya bar keji babu ruwa ya san inda ya tsaya.

Wajen kashewa, tsohuwar al'adar jefa ɓera a bokiti da audugar kulorofom an daina yarda da ita, ana amfani da ketamin da zailazin ko aisofuloren a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Ban da azaba, kulorofom guba ne ga hanta, wato gaɓar da kake shirin aunawa.

Ya yi aiki a ɓera. Ke nan mutum zai iya sha ya bar maganin asibiti?

A'a. Ko magungunan da manyan kamfanoni suka kashe biliyoyi a kansu, suka tsallake gwajin dabbobi lafiya, kusan tara cikin goma suna faɗuwa in an zo kan mutane. Sannan a gwajin karajinan ana ba da ekstirak kafin ciwon ya zo, ga lafiyayyen ɓera matashi, na 'yan awanni, ina haɗinsa da gwiwar Hajiya da ta shekara goma tana ciwo ga suga ga hawan jini?

Dos ma ba a ɗaukowa kai tsaye. Hukumar FDA ta Amurka a jagorarta ta 2005 ta ce a raba na babban ɓera da 6.2, na ƙarami da 12.3. Wato 400 mg/kg ya zama wajen 65 mg/kg, ga mai kilo 60 kusan giram 4 na busasshen ekstirak, in kuma kashi 5 cikin 100 ka samu wajen haɗawa to kusan giram 80 na busasshen fure ke nan a sha ɗaya. Inda zoɓo ya ɗan yi gaba shi ne hawan jini, domin an gwada a mutane: a jami'ar Tufts, aikin da aka buga a 2010, mutum 65, kofi uku a rana na sati shida, lambar sama ta sauka da wajen maki 7. Wannan hawan jini ne mara tsanani, ba kumburi ba, kuma ba da sukarin da muke zubawa ba. Mai shan magani kullum ko mai juna biyu ta tambayi likita, don an ga zoɓo na canza yadda jiki ke sarrafa wasu magunguna, har da kulorokwin a wani gwaji da aka yi a Sudan.

Amma dai antioksidan ko ya yi yawa ba ya cutarwa ko?

Haka aka zata har aka gwada. A Finlan an ba maza masu shan taba sama da 29,000 ƙwayoyin beta-karotin ko bitamin E, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a masu shan beta-karotin. Wani makamancinsa a Amurka mai suna CARET dakatar da shi aka yi a 1996 saboda irin wannan dalilin, sannan gwajin SELECT ya nuna a 2011 cewa bitamin E ya ƙara kansar mafitsara ta maza, wato furostet, da kashi 17 cikin 100. Jiki na amfani da wasu radikal ɗin wajen kashe ƙwayoyin cuta da aika saƙo tsakanin ƙwayoyin halitta, ba duka ake son sharewa ba. Cin ganye da 'ya'yan itace daban, haɗiyar ƙwaya mai dos ɗin doki daban.

A babin ƙarshe me zan rubuta, zan iya cewa filabonoyid ne suka yi aikin ta hanyar hana COX-2?

In ba ka auna COX-2 ba, wato enzaim ɗin da ke haɗa furostagilandin, kar ka ce ya hana shi. Gwajin sinadaran da ake yi da canjin launi a kwalba, a sa alamar tarawa a tebur, yana nuna akwai filabonoyid ne kawai, kuma kusan kowane fure akwai su. Kafin a ɗora wa wani sinadari aikin sai an rarraba ekstirak ɗin kashi-kashi an sake gwada kowanne, an ware shi, an tabbatar da shi da na'urar HPLC ko makamanciyarta, an kuma auna su TNF-alfa da furostagilandin da kit ɗin ELISA, wannan kuwa aikin masta ne ko digiri na uku, kuɗinsa ma ba na furojet ba ne.

Abin da za ka rubuta shi ne abin da ka gani: ekstirak ɗin etanol na fure kaza, a dos kaza ta baki, ya rage kumburin ƙafar ɓerayen Wistar da kashi kaza a awa ta uku idan aka kwatanta da kontrol, indometasin kuma ya rage da kaza. Ka faɗi ɓera nawa ne a rukuni, maza ne ko mata, wane lissafi ka yi, in ANOVA ce ka tuna ƙafa ɗaya ka yi ta aunawa sau da yawa don haka mai maimaita awo ce ta dace, sai Dunnett wajen kwatanta kowane rukuni da kontrol. Hasashen hanyar aiki ka sa shi a tattaunawa da "mai yiwuwa" a gabansa. A shawarwari kuma maimakon jimlar nan da kowa ke kwafa ta a ci gaba da bincike, ka ambaci gwaji ɗaya takamaimai da wanda zai gaje ka zai yi, misali ya raba ekstirak ɗin da etil asitet da butanol ya maimaita karajinan a dos ɗin da ya fi yi maka aiki.